Ƙirgen Yamma

Kakana Filibus bai taɓa shiga aji ba,
amma a ƙirgen tumaki babu mai cutarsa.
In rana ta faɗa bayan duwatsun Zuru
sai ya tsaya a bakin garke, sanda a hammata,
ba ya cewa ɗaya, biyu, uku.
Suna yake kira:
Mai Tozali, Gurguwa, 'Yar Kasuwa, Kunnen Ƙashi.
Wadda ta zo wucewa sai ya shafa bayanta,
ya cire ƙarangiya, ya duba kofato.

Na ce, Kaka, ai lamba ta fi sauri.
Ya ce, Keziya, lamba ta mahauci ce.
Mai saye ke ƙirga kai,
mai kiwo fuska yake dubawa.

Wata damina Kunnen Ƙashi ba ta dawo ba.
Tuwon dawa ya huce a akushi,
ya ɗauki fitila ya shiga ruwan sama.
Sai da zakara ya yi cara biyu ya shigo,
laka har gwiwa, ƙaya ta tsaga masa diddige,
tunkiya a wuyansa tana ta kuka
kamar ita aka yi wa laifi.
Bai doke ta ba. Dusa ya ba ta, da kanwa.
Ni ce na ji haushi a madadin ƙafarsa.

Ran Lahadi mai wa'azi ya yi zancen Makiyayi,
wanda ke barin garke ya bi sawun guda.
Kaka ya sunkuyo, ya raɗa mini a kunne:
Wannan ya san aikin.

Ya Yesu, shekaru sun tura, Kaka ya kwanta dama.
Ka san daren da nake nufi.
Daren da harbi ya tashe mu,
muka kutsa gonar dawa ba takalmi,
Rahila a bayana, tafina a kan bakinta.
Ba zan yi maka ƙarya a waƙa ba:
na tambaye ka ina sandarka,
na tambaya da muryar da ba ta addu'a ba ce.
Ba ka amsa ba.
Sai dai karan dawa ya fi mu tsawo a shekarar,
gajimare kuma ya rufe wata
har muka haye rafi.

A makarantar da muka sauka cikin gari
wani mai rajista ya ce, ɗari biyu da sha bakwai,
ya rufe littafinsa ya tafi.
Can cikin dare tsohuwa Damaris ta miƙe,
tana bin tabarmi da 'yar cocilan,
tana dafa kai, tana faɗin suna:
Barnaba, ka iso. Tani, kin iso. Keziya, ke ma.
Ta tsuguna ta zare ƙarangiya daga gashin Rahila.
Hannunta na rawa, yana warin hayaƙi,
amma na gane shafar nan.

Da ta kai tabarmar da ba kowa
ba ta tsallake ba.
Ta ce, Istifanus. Ta jira.
Ta ce, Nuhu ɗan Lami. Ta jira.
Sannan ta ce, to, ba garke ɗaya gare shi ba,
an shigar da su ta wata ƙofar.

Har yau ban gama rigima da kai ba a kan su biyun.
Ka sani, ba na ɓoye maka.
In akwai Kunnen Ƙashi a garkenka, ni ce,
mai kuka a kan wuyan da ya ɗauko ta.

Yanzu tumaki uku gare ni a bayan ɗakin haya.
Da yamma nakan tsaya a bakin langa-langa
in kira su, kowace da nata.
In sun shige nakan ɗan dakata,
ban rufe ƙofa ba tukuna,
kunnena a buɗe,
ko zan ji an kira nawa.